Ƙofar da Taswira Ta Tona

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da wani abokina a motarsa, ko karyawa ba mu tsaya yi ba. Masu bibiyata kun saba in na yi tafiya in cika muku waya da hotuna, ga tasha, ga mai tsire, ga ni na harɗe a gaban mota kamar tawa ce. Wannan karon babu hoto ko ɗaya, kuma ba zan faɗi sunan ƙauyen da muka je ba. Ku dai ɗauka yana ƙasar Jibiya, ba nisa da bakin iyaka.

Bari in fara da laifina, tunda shi ya tayar da tafiyar. Kwanakin baya ina zaune a shago babu ciniki, ina ta latse-latsen waya, sai na shiga manhajar taswira, irin wadda in ka taɓa hanya za ta nuna maka hotonta kamar kana tsaye a wurin. Da wasa na nemi ƙauyenmu. Ban zaci zan same shi ba, garin da ko allon suna ba shi da shi. Sai ga shi kuwa. Ga masallaci, ga darbejiyar da muke wasa a gindinta, ga ƙofar gidanmu, ga Baffa, ƙanin mahaifina, tsaye da hularsa a karkace. Masu manhajar sun shafe fuskarsa, amma tsayuwar Baffa ba ta ɓoyuwa. Har jakinsa ma sun shafe masa fuska, wai don a kare masa mutunci. Na yi dariya har da hawaye, nan take na tura zauren danginmu na waya, na rubuta a ƙasa: “Baffa ya shiga duniya.” Zauren nan kuwa ba dangi kaɗai ba ne. Akwai surukai, akwai surukan surukai, akwai waɗanda har yau ba a san wa ya saka su ba.

Ni a hoton farko na tsaya. Wasu kuwa sun buɗe manhajar sun ci gaba da matsawa gaba. Bayan kwana huɗu sai ga kiran Baffa, mutumin da bai taɓa kirana ba sai dai ni in kira shi. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, “Abin da ka aiko, ka dube shi har ƙarshenai?” Na ce a’a. Ya ce, “To duba, sannan ka taho.”

Na duba. Hotunan ba su tsaya a hanya ba. Sun shige lungun da ke gefen gidanmu, wanda namu ne, har ƙyaure gare shi, suka zagaya bayan gida. A bayan gidan nan akwai wata ’yar ƙofa, rami ne kawai a gindin katanga, sai mutum ya durƙusa zai wuce. Daga ciki rumbu ya kare ta, daga waje an jingina mata zana da damin kara. Baffa da babban ɗansa suka haƙa ta da hannunsu tun da ’yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan yankin, suka ce wa maƙwabta gyaran gindin rumbu suke yi. Tana fita ne kai tsaye cikin wani kwazazzabo da ya bi ta bayan gari. Sau biyu aka shiga ƙauyen, sau biyu mutanen gidanmu suka zurare ta nan, mata da yara da tsohuwa, aka ɓalle ƙofar zaure aka tarar da gida wayam. To a hoton, ga zanar nan an ture ta gefe, ga matar ɗan Baffa rabinta a waje rabinta a ciki, da ƙwaryar dusa a hannu za ta bai wa awaki, kanta ko ɗankwali babu. Fuskarta a shafe take. Ƙofar kuwa ta fito tas, har da bakin kwazazzabon.

Shi ya sa na ɗauko abokin nan nawa. Shagon buga takardu gare shi, ya san kan na’ura da Turancinta, ya kuma ce akwai hanyar da ake bi a sa kamfanin ya cire hoto. Da wannan fatan na shiga mota.

Hanyar Kano zuwa Katsina ba ta ba mu wahala ba. Mun wuce Bichi gari bai gama wayewa ba, Tsanyawa kuwa ana buɗe shaguna. A Kankiya muka tsaya karyawa wurin wata mai koko da ƙosai. Ƙosan bana ya rame, wanda a da biyu ke cika baki yanzu sai ka haɗa huɗu, kuɗin kuma bai rame tare da shi ba. Abokina ya yi mata tsiya, ta ce ya je ya tambayi mai wake da mai man gyaɗa, ita dai suya kawai ta iya. Na sha kokon ne don kada a ce ban sha ba. Bazara ce sosai, tun ƙarfe takwas rana ta fara gasa mu, manoma na ta sharar gona a gefen titi suna jiran saukar ruwa.

A Katsina muka sha mai, abokina ya yi ta ƙunƙuni kan farashi har muka fita gari. Daga nan zuwa Jibiya tafiyar ba ta da tsawo, amma ita ce ta fi gajiyar da mu. Shingen jami’an tsaro na bin shinge, ka tashi daga wannan kana hango na gaba. Tun abokina yana sauke gilashi yana ɗagawa har ya gaji ya bar shi a sauke. Wajen Daddara na lura da abin da ban lura da shi ba a zuwana na baya. Gonakin bakin titi duk an share su, na can ciki kuwa ciyawar bara ce tsaye a bushe, ba wanda ya taɓa. Babura na wuce mu ɗauke da jarkoki da buhuna, kowa gudu yake yi, ba wanda ke son tsayawa a inda babu mutane.

Mun isa Jibiya da hantsi. Wani ɗan garinmu da ke sayar da hatsi ya ce mu bar motar a gidansa, mota mai sheƙi ba ta shiga ƙauye yanzu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in cire agogo, in sa hular a aljihu. Ya ara mini wata tsohuwar riga. Abokina ya ce ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Muka hau babur biyu, muka bar kwalta, muka bi yashi.

Rabona da ƙauyen shekara biyu. Gidaje da yawa a rufe suke, an ɗaure ƙyaurensu da waya, masu su sun koma Jibiya ko sun tsallaka Nijar wurin dangi. A bakin gari akwai rumfar mai cajin waya, mutane shida ko bakwai na zaune. Na yi sallama suka amsa, sai wani daga ciki ya ce, “A’a, ga mai taswira ya iso.” Aka yi ’yar dariya, ni ban yi ba. Daga baya na ji cewa a rumfar nan aka yi kwana uku ana kallon hotunan da wani ya adano a wayarsa daga Jibiya, waya na yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na neman gidansa. Yawancinsu mutanen kirki ne, tare muka taso da wasu. Amma duk wanda ya san yankin ya san ’yan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari mai kai musu labari, kuma ba wanda zai rantse maka cewa ba ya cikin masu zama a rumfar.

Baffa yana zaure a kan buzu. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mana fura. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Inna, matarsa, ta fito muka gaisa. Matar ɗansa ba ta fito ba. An ce tun da ta ji maza sun yi ta kallon hotonta a rumfa ba ta ƙara leƙa ko zaure ba.

Da muka sha fura na tambaye shi yadda aka yi mai ɗaukar hoto ya shiga lungunmu. Ya ce shi ya buɗe masa. Wata rana da rani wani mutum ya shigo gari a babur, sanye da riga mai ruwan ɗorawa irin ta ma’aikata, an kafa wata sanda a bayan babur ɗin da wani abu kamar ƙwallo a samanta. Ya tsaya a ƙofar gida ya nemi ruwa, aka ba shi. Garin nan kuwa sun daɗe suna neman a haƙa musu rijiyar burtsatse, saboda rijiyar da ake ɗiba tana wajen gari, kuma a hanyarta aka taɓa ɗauke mata biyu.

“Ya hwaɗa mani aikin taswira shikai,” in ji Baffa. “Bai yi mani ƙarya ba. Ni ne nac ce a raina, ai ba a gina rijiya sai an yi taswira. Nac ce mashi taho in gwada maka wuri mai ruwa, nan bayan gidana, in an gina mata sun huta da hita daji.”

Shi ya ɗage ƙyauren lungu da hannunsa, ya shige gaba, mutumin na biye da shi a hankali a kan babur. Baffa yana ta nuna masa inda ƙasa ke da danshi, bai san ƙwallon nan da kanta take ɗaukar hoto ta kowane gefe ba, ba sai an ɗaga an ce a yi murmushi ba. Bai kuma ga surukarsa ba, don ya riga ya wuce lokacin da ta turo zana. Mutumin ya yi godiya ya tafi, Baffa ya yi wata biyu yana jiran motar haƙa.

Na ji haushin mutumin nan ƙwarai, har yanzu ma ina ji. Ya ga an ɗage masa ƙyaure, ya san ya bar hanya ya shiga gidan mutane, kuma shi kaɗai a wurin ya san abin da ke kan sandarsa yake yi. Maɓalli ɗaya zai danna. Amma haushin bai yi nisa ba ya dawo kaina. Hotunan sun yi watanni a can cikin manhaja ba wanda ya san da su. Babu ɗan ƙauyen nan da zai zauna yana neman gidan Baffa a taswira. Ni na ɗauko su na kawo har rumfar mai caji.

A ƙauyen waya na kiran murya da ƙyar, balle buɗe shafi. Don haka bayan azahar muka koma, muka zarce Magama, bakin iyaka, inda aka ce sabis ya fi ƙarfi, in na wannan ƙasa ya ƙi a kama na waccan. Na san Magama lokacin da ba ka samun wurin taka ƙafa saboda manyan motoci. Yanzu ma akwai su, amma jefi-jefi, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna fifita da kwali. Masu canji na zaune da naira da sefa, sun fi masu neman canjin yawa. Muka zauna a rumfar wani mai shayi ɗan Maraɗi, ya yanko mana dogon burodin nan nasu mai tauri, wanda sai ya kwana a cikin kofi haƙori ke iya masa.

Abokina ya buɗe shafin ƙorafi, yana karantawa yana fassara mini. Suna son sunan titi. Babu. Suna son lambar gida. Babu. Suka jero dalilai a zaɓi ɗaya: fuskar mutum ce ta fito, ko lambar mota, ko gidanka ne kake so a shafe. Ba wanda ya yi kama da namu. A ƙasa akwai ɗan fili na ƙarin bayani, a nan ya rubuta cewa an ɗauki hoton a cikin gidan mutane ba da saninsu ba, kuma rayuka na cikin haɗari. Sau uku sabis na yankewa muna sake cikewa daga farko. Da saƙon ya tafi, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo, irin wadda na’ura ke turawa, wai sun gode, za su duba.

Na tambaye shi yaushe za su duba. Ya ce bai sani ba. Sannan ya faɗa mini abin da ya ɓoye tun Kano. Ya ce ko sun cire gobe, wanda ya riga ya adana hoton a wayarsa fa? Mai shayin yana jin mu. Bai san gidan da muke magana a kai ba, bai kuma tambaya ba, ya dai ce, “In gidan mutane ne, ku hwaɗa masu kada su jira.” Ya ɗauke kofunansa ya shiga wanki.

Ba mu koma ƙauye a ranar ba, don in la’asar ta yi ba mai ɗaukarka zuwa can ko nawa za ka biya. A Jibiya muka kwana. Da safe muka sake hawa babur, ina ta shirya yadda zan gaya wa Baffa cewa an tura, a ƙara haƙuri.

Ban samu damar faɗa ba. Mun tarar da ƙyauren lungu a buɗe hanhai, an kwashe zana da karan nan an jefar gefe, ga tulin jar ƙasa a bayan gida. Baffa ya naɗe wando zuwa gwiwa yana cikin kwaɓi, ɗansa na zuba masa ruwa. Ruwan da matan gida suka ɗebo tun sassafe daga rijiyar wajen gari ne, wanda da shi za a yi girki da wanka. Ya ɗago ya gan ni ya ce, “Cire takalmi.” Na cire na shiga.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aka yi aikin. Ƙofar nan a ɓoye aka haƙa ta, amma toshe ta a bainar jama’a aka yi. Duk wanda ya gifta ta bakin lungu sai Baffa ya ɗaga murya ya gaishe shi, ya jawo shi da hira har ya leƙo. “Sannu da aiki, Malam, mi a kai?” “Wata ’yar kahwa ce munka toshe, ɓeraye sun dame mu.” Kowa ya san ba ɓeraye ba ne, kowa ya ce Allah ya taimaka. Sai da na ga mutum na biyar na gane. Yana so labarin toshewar ya bi hanyar da labarin ƙofar ya bi, ya isa kunnen da ake tsoro, don kada wata rana a zo a tsaya a bakin kwazazzabo ana jiran matansa da jikokinsa su fito ɗaya bayan ɗaya.

Muka cusa duwatsu, muka bi da curin ƙasa, muka yaɓe ciki da waje. Hannuna ya manta wannan aiki, kafin azahar ya yi kanta. Inna ta tsaya daga gefen rumbu tana kallo har aka rufe hasken ƙarshe, sannan ta juya ta shige ɗaki. Ta ramin nan aka taɓa jan ta da zazzaɓi a jikinta aka tsira da ita.

Da muka wanke hannu, masu babur na jira, na sami Baffa shi kaɗai a zaure. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Na ce ina so in rubuta labarin don wasu su kiyaye, ya ce in rubuta tunda an toshe, kada dai in kama sunan gari. Sai na yi tambayar da ke cina tun safe.

“Baffa, yanzu gidan ƙofa ɗaya ke gare shi. In an zo fa?”

“Allah na nan.”

“Za a buɗe wata ne?”

Ya dube ni. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. Ya ce, “Ko an buɗe, ko ba a buɗe ba, ba ka jin shi ga bakina. Ba ƙinka nikai ba, ɗana. Tashi ku tahi da rana.”

Muka tafi da rana. Na mayar wa mai hatsi rigarsa, muka ɗauki mota, muka sake bin shingayen nan ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya sayi dabino da kilishi a Katsina don tsaraba, ni ban sayi komai ba. Mun shiga Kano bayan magariba, lafiya ƙalau, mun gode Allah.

Yau kwana tara da dawowata. Kowace safiya ina buɗe manhajar, hoton yana nan, amsar kamfanin ba ta zo ba. Na goge abin da na tura a zauren dangi, duk da na san gogewar ba ta da wani amfani yanzu. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne, kuma ban ji daɗin koyonsa ba. Mu da muke birni mun ɗauki ganin gidanmu a waya abin alfahari, mun manta akwai inda mutane ke kwana lafiya kawai saboda ba a san yadda gidansu yake ba. In kun ga gidan wani a taswira, ko na ubanku ne, ku tambayi masu kwana a ciki kafin ku tura wa kowa. In kuma aikinku ne yawo da irin na’urar nan, an ɗage muku ƙyaure don karamci, ku kashe ta kafin ku shiga.

Jiya na kira Baffa muka gaisa. Ya ce lafiya lau, ruwa ya sauka, sun fara shuka. Ban tayar da zancen ƙofa ba, shi ma bai tayar ba. A gidan nan aka haife ni, a nan aka binne cibiyata, amma yau in aka shiga garin ban san ta inda mutanena za su fita ba, ban ma san ko akwai ta inda za su fita ba. Baffa ya yi daidai da ya ƙi gaya mini.